Yadda muka juya ƙofar makarantarmu ta bar kallon titi

Makarantarmu firamare ce, a wani ƙauye na ƙasar Gumel da ke bakin titin da motocin kasuwar Maigatari ke bi. Ni ne hedimasta, kuma bisa tsari ni ne sakataren kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC. Titin ya raba garin gida biyu. Makaranta da masallacin Juma'a da gidan Dagaci suna gabas, unguwanni biyu da rijiyar burtsatse da rugagen Fulani suna yamma. Daga tsohuwar ƙofar makaranta zuwa bakin kwalta taku goma sha biyar ne, da ƙafata na auna.

Duk wanda ya san yankinmu ya san ranar Alhamis. Tun yammacin Laraba tireloli ke wucewa wayam za su ɗauko dabbobi. Da gari ya waye sai ƙananan motocin 'yan kasuwa, da a-kori-kura, da babura masu ɗauke da awaki, kowa yana sauri kada ciniki ya wuce shi. A daidai wannan lokacin ne yaranmu suke tsallakowa.

A hunturun farkon 2023, lokacin da ake fama da ƙarancin takardun kuɗi, wata Alhamis hazo ya sauka sosai. Ina ofis ina duba rijista na ji ƙarar birki, sai kuma salati. Wata yarinya ce 'yar aji huɗu, ta riƙo ƙaninta za su tsallako. Ta tura shi ya haye, ita mota ta kwashe ta da gefe. Har yau idan na rufe ido ina ganin takalminta na roba ƙafa ɗaya a tsakiyar kwalta, da ledar littattafanta a yashe. Allah ya yi da sauran shan ruwanta, amma ƙafa ta karye a cinya. Direban bai gudu ba, shi ya kai ta asibiti, yana ta rantsuwa bai gan ta ba sai da ta zo gaban motar. Na yarda da shi, don ni ma da na tsaya a wurin ban iya hango darbejiyar bakin tasha ba.

A daren nan samarin gari suka fita da shebur da diga, suka jibge ƙasa da kututture a kan titi wuri uku. Ban ga laifin zuciyarsu ba, ƙanwarsu ce a kwance. Amma kwana biyu tsakani wani mai babur ya goyo matarsa da dare, babu alama babu fenti, ya hau tudun suka watse, matar ta gurje fuska da hannu. Dagaci ya sa aka kwashe ƙasar. Muka koma gidan jiya, sai dai yanzu da tsoro a kai. Mutanen yamma suka fara riƙe yaransu ranar Alhamis, musamman 'yan mata da 'yan aji ɗaya. Wasu daga riƙon Alhamis sai ya zama na mako, daga nan sai talla.

Muka kira taron kwamiti a gindin bishiyar makaranta. Kwamitin namu ba sabo ba ne. Tun zamanin ESSPIN, shirin nan na ilimi da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, wanda Jigawa da Kano suna cikin jihohi shida da ya yi aiki, aka horar da mutanenmu yadda ake zama da rubuta bayanin taro da tsara buƙatun makaranta. Akwai wakilin Dagaci, da Liman, da shugabar mata, da wakilin tsofaffin ɗalibai, da mai facin garinmu a madadin masu sana'a, da yara biyu, mace da namiji. Kowa ya yarda a nemi tallafi. Tambayar ita ce a ina.

Ƙofofin da muka sani ba su da yawa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya bisa dokar 2004, kuma wani ɓangare yana biyowa ta SUBEB, takwararta ta jiha, har ya iso hannun kwamitocin makarantu. Akwai AGILE, shirin ilimin 'yan mata na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da Kano cikin jihohi bakwai na farko, Jigawa ta shigo daga baya, amma shi na makarantun sakandare ne. Dattawanmu kuma suna tuna CSDP, shirin ayyukan raya al'umma, inda gari ke kawo kashi 10 cikin 100 a cika masa sauran. A shekarar da haɗarin ya faru an buɗe wani tallafin inganta makarantu da ake bayarwa kai tsaye ga kwamiti, shi muka nema. Ba zan kama sunan ofishin ba, don a labarin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma akwai mutanen kirki a wurin da ba na so ya shafe su.

Takardarmu ta farko ni na rubuta ta, da zafin abin da na gani. Na nemi tudun rage gudu guda uku, da allunan gargaɗi, da zanen tsallaka titi. Bayan makonni aka kira ni. Jami'in ya karanta ta a gabana har ƙarshe, ya ajiye, ya ce, "Malam, na tausaya muku, amma wannan aikin titi ne. Kuɗinmu iyakarsa filin makaranta." Na tafi wajen masu kula da hanyoyi, suka ce lallai titi nasu ne, kuma babu wanda ke da izinin ɗora masa tudu sai da saninsu, a rubuto a jira injiniya. Na je wajen jami'an kiyaye haɗura, suka ce su ba sa gini, nasu wayar da kai ne da kama mai laifi da ba da shawara. Duk inda na shiga gaskiya aka gaya mini. Amma da na hau babur zan koma gida na lura da abu ɗaya: yaro yana gida na iyayensa ne, yana aji na hukumar ilimi ne, tsakanin ƙofar gida da ƙofar makaranta kuwa babu kasafin da ya san da shi.

Wani jami'in Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, shi ya buɗe mana ido. Na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, ya zo wata Alhamis tun kafin ƙarfe bakwai da rabi. Ya tsaya a bakin ƙofa bai ce komai ba har aka shiga aji. Daga nan ya yi wa kwamiti bayani. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki ta riga ta shafe fiye da tazarar ƙofarmu da kwalta. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa huɗu. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar 30 a inda yara ke tsallakawa, don alƙalumanta sun nuna haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Hedimasta, sau nawa yaro ɗaya yake taka kwaltar nan a rana?" Na ce sau biyu, zuwa da komawa. Ya ce in ƙirga tukuna.

Muka ƙirga mako guda. Na samo gwangwanayen madara uku, ɗaya na safe, ɗaya na lokacin tara, ɗaya na tashi. Malamai biyu da 'yan aji shida suka zauna a inuwa da tulin tsakuwa, duk yaron da ya tsallaka a jefa ɗaya. Ranar farko ma ta ishe mu. Gwangwanin tara ya cika har muka ƙaro wani. Dalili kuwa yana gabanmu shekara da shekaru ba mu gani ba. Famfon tuƙa-tuƙa na cikin makaranta ya lalace tun tuni, saboda haka mai jin ƙishi sai ya tsallaka rijiyar burtsatse. Masu awara da ɗanwake da gyaɗa kuma a can tsallake suke zama, kusa da tasha, don su haɗa cinikin yara da na fasinja. Da an buga ƙararrawar tara sai yara su kwasa a guje da kuɗin tara a hannu, har da 'yan gabas waɗanda gidajensu ba su da wata hulɗa da titi. Su ma 'yan gabas ɗin, da yake ƙofa titi take kallo, sai sun zagayo sun bi gefen kwalta safe da rana.

Ranar Asabar muka bi sawun yaran. Na ce su kai mu ta inda suke bi, ba ta inda muke zaton suna bi ba. Suka nuna mana wurare biyar da suke tsallakawa, ɗaya ma a bayan kwana ne inda mota ba ta ganinka sai ta iso. Suka nuna mana wani tsohon burtali a bayan makaranta wanda ya miƙe har cikin gari, sai dai gona ta cinye bakinsa, kuma akwai wani kwari a tsakiya da ruwa ke kwanciya da damina har gwiwar yaro. Muka dawo muka zana taswira a bayan kwalin taliya, muka shimfiɗa a ƙasa, kowa ya sunkuya yana kallo. Shugabar mata ce, wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa wadda ba ta yi boko ba, ta sa yatsa a kan kwalin ta ce, "Malam, to a juya ƙofar mana. In an toshe nan aka buɗe nan, me zai kai 'yan gabas titi?" Wallahi shekarata tara a makarantar nan ban taɓa kawo wannan a raina ba.

A kan maganarta muka gina takarda ta biyu. Muka nemi katanga a gefen titi, da sabuwar ƙofa ta gabas, da gyaran tuƙa-tuƙa, da cike burtali da ɗan kwalbati a kwarin, da rumfa inda masu abinci za su zauna a cikin makaranta, gefenta kuma wurin jingine kekuna. Duk waɗannan aikin makaranta ne, babu mai cewa na titi ne. A gurbin da aka ce a faɗi dalili, wannan karon ban fara da haɗarin ba. Na fara da rijista. Na yi hoton shafukan zango biyu, na ja jan layi a ƙarƙashin kowace Alhamis, na nuna yadda sunayen 'yan matan yamma suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na haɗa da sakamakon tsakuwa, da hoton taswirar kwali, da wasiƙar jami'in kiyaye haɗura, da bayanin taron da aka amince da sa hannun kowa, masu dangwale suka dangwala. Masu ba da kuɗin ilimi abin da ke gabansu shi ne yaro ya zo aji ya zauna. Da muka nuna musu titi ne ke hana shi zuwa, sai maganar ta zama tasu.

Inda muka fi daɗewa shi ne bakin burtalin nan. In ba a cikin filin makaranta yake ba, tallafi ba zai taɓa shi ba, gonar kuwa ta wani dattijo ce, ta gado, da 'yan'uwa a ciki. Zama uku aka yi a zauren Dagaci. A na farko dattijon ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban ƙi ba, amma ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena mata biyu a gidan aure, da haƙƙinsu." Aka aika musu, Hajiya ta je da kanta. A na biyu wani ɗansa ya ce ai kuɗi aka samo daga gwamnati, sai a biya su. Na buɗe takardar kasafin na karanta masa layi-layi, ya ga babu ko kwabo na sayen fili. A na uku Liman ya yi magana a kan sadaka mai gudana, gajeriya, bai matsa wa kowa ba. Dattijon ya yi shiru can ya ce, "Allah gafarta Malam, na bayar, taku huɗu a faɗi har bakin kwari. Amma tsamiyar da ke wurin tawa ce, 'ya'yanta na iyalina ne." Aka rubuta haka, har da tsamiyar, shaidu suka sa hannu, Dagaci ya buga hatimi. Mai shirin neman irin wannan tallafi ya fara da maganar fili tun kafin ya cika fom, kuma ya tabbata an tambayi mata masu gado, don in aka tsallake su rigimar tana nan tana jira.

Sai banki. Dole kwamiti ya kasance da asusu da sunan makaranta, mutum uku masu sa hannu: shugaba, ma'aji, da sakatare. Hajiya muka zaɓa ma'aji. A nan aka gano sunan da ke kan BVN ɗinta da na katin ɗan ƙasa ba su zo ɗaya ba, ɗaya da sunan mahaifi, ɗaya da sunan miji. Sai da muka je kotu aka yi takardar rantsuwa, muka yi ta zirga-zirga zuwa Gumel, yau a ce babu sabis, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Wannan ya faɗo bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma daga aljihunmu muke biya. Wasu suka ce a canza ma'aji a huta. Na ƙi, shugaba ma ya ƙi. Matan gari sun yarda su ba da gudummawa ne saboda sun san kuɗin yana hannunta.

Masu tantancewa suka zo da tef ɗin awo da waya suna ɗaukar hoto. Abin da ya burge ni, sun ware mata sun tambaye su su kaɗai, sun kuma ware yara biyun kwamiti sun tambaye su ko da gaske an yi shawara da su. Yarinyar ta ɗauko musu kwalin taliya daga ofishina. Bayan an amince aka kira mu uku horon kwana biyu: yadda ake cika littafin shiga da fitar kuɗi, a nemo farashi daga wuri uku kafin a sayi kaya, kada a ciri kuɗi sai da bayanin taro, kuɗin kuma kashi biyu zai zo, babba a farko, ƙaramin sai an ga aiki an ga rasit.

Shi ma wannan tallafin sai gari ya kawo kashi 10 cikin 100. Namu ba mu da shi a kuɗi, kuma an yarda a kawo shi a kaya ko a aiki. Masu amalanken shanu suka ɗauki jigilar yashi da ruwa. Samarin da suka taɓa jibge ƙasa a titi su suka haƙa gindin katanga a gayya biyu. Mata suka yi karo-karo da mudun gero da na riɗi da zoɓo bayan kaka, Hajiya ta sayar ta kawo kuɗin da lissafinsa. Mutanen ruga suka kawo ɗan akuya. Komai sai da muka yi masa kuɗi muka rubuta: amalanke kaza a kan kaza, leburan gayya mutum kaza kwana kaza. Aikin rubutun ya fi na haƙan gajiyarwa, amma in ba a rubuta ba, a idon mai bincike ba a yi ba.

Kuɗin ya shigo a farkon 2024, watanni bayan lokacin da aka ce mana. Wanda ya sayi siminti a lokacin ya san abin da ya faru, buhu ya kusan ninka kuɗinsa a 'yan makonni, rodi ma ya bi shi. Kasafinmu kuwa da tsohon farashi aka yi shi. Ana cikin wannan sai ga wani mutum da mota, ya ce an turo shi ya taimaka mana, yana da ɗan kwangila da zai karɓi aikin gaba ɗaya, takardun ma shi zai cika mana, mu dai mu sa hannu a cek. Ya ja ni gefe ya ce ba za a manta da ni ba. Na ce masa ni ɗaya ne cikin uku, ya zo gaban kwamiti ya maimaita. Ya zo, amma bai maimaita ta gefen ba. Hajiya ta ce masa, "Alhaji, kuɗin nan da mudun geron matan garin nan a ciki. In na sa hannu na ba ka, da wane ido zan kalle su?" Bai sake dawowa ba. Tun daga ranar muka riƙa liƙa lissafi a bangon ofis, ana kuma karanta shi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a duk mako biyu.

Tsadar siminti ta tilasta mana rage aiki, kuma a nan akwai tarko. In ka canza abin da aka amince ba da izini ba, ko da niyyarka mai kyau ce, za a riƙe kashi na biyu. Muka zauna muka rubuta takardar neman canji da sababbin farashi uku a manne, na kai da hannuna na karɓo amsa a rubuce. Katangar bulo ta tsaya a gefen titi kaɗai da ɗan lanƙwasa a kowane ɓangare. Sauran gefen muka dasa aguwa da darbejiya. Rumfar da muka so yi da bulo ta koma ta ƙarfe da kwano. Kwalbatin ne muka ce ba za a taɓa ba, ko buhu ɗaya ba za a rage masa ba, don in ruwa ya cinye shi yara za su koma kwalta a damina ta farko.

Magina 'yan gari ne, mai buga bulo ma haka, kuma babu mai rasit a cikinsu. Muka yi takardar biya da kanmu, kowa ya karɓi kuɗi ya dangwala, shaida biyu su sa hannu. Na ɗauki hoto kafin aiki, ana cikin aiki, da bayan an gama, daga wuri ɗaya nake tsayawa kullum don a gane wurin. Duk da haka kashi na biyu ya yi jinkiri har maginin ya fara zuwa gidana da sassafe yana gaishe ni gaisuwar da na san ma'anarta. Mutum ne mai iyali, ya yi aikinsa, haƙƙinsa yake nema. Shugaban kwamiti ya sayar da buhun riɗinsa ya ba shi rabi, da kuɗin ya fito aka mayar masa, wannan ma muka rubuta. Wannan shi ne ƙorafina ga masu irin wannan tsari: jinkirin da yake layi ɗaya a takardar ofis, a ƙauye bashi ne a wuyan wani talaka.

Maganar kekuna ta zo mana ta gefe amma ta girma. Tun da kuɗin acaɓa ya tashi, yaran rugage da tsofaffin ɗalibanmu da ke zuwa ƙaramar sakandare a garin gaba suka koma keke, sau da yawa biyu ko uku a kan ɗaya, wani a kan sirdi, wani a baya, ƙarami a kan ƙarfen gaba. Mai faci ya ce a tara masa kekunan rana ɗaya ya duba. Ya jera su a rumfa yana matsa birki ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu babu abin da ke kamawa, da silifa yaran ke taka taya su tsaya. Wani ya ɗaure wayar birki da tsumma. Ya ce in kwamiti zai sayi robar birki da waya, aikin hannu kyauta ne sau ɗaya kowane zango. Muka ƙara da 'yar leda mai ƙyalli da ake mannawa a baya saboda hazo. Ya nuna wa 'yan mata yadda za su tattare hijabi da zane su zauna a kai kada sarƙa ko taya ta kama, don ya taɓa ciro hijabi daga sarƙa da yarinyar a ƙasa. Malamai kuma suka dage da koyar da abu ɗaya da yara ke rikitawa: tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, mai keke yana bin dama tare da motoci, mai tafiya a ƙasa kuwa ya bi hagu yana fuskantar motar da ke zuwa.

Ranar da aka toshe tsohuwar ƙofa na tsaya lokacin tara ina kallo. Aka buga ƙararrawa, yara suka kwasa a guje kamar kullum, amma gudun ya ƙare a rumfar masu awara da bakin tuƙa-tuƙa. Wata tirela ta wuce a bayan katanga da ƙararta, babu yaro ko ɗaya a waje. Masu abincin sun yi gunaguni da farko don sun rasa cinikin fasinja a wannan awar, sai muka yarda su zo tara kawai su koma tasha.

'Yan yamma har yanzu sai sun tsallaka, sau biyu a rana. Mun mayar da wurare biyar ɗin nan wuri ɗaya, nesa da kwana, inda ake hango mota daga nesa ta kowane ɓangare. 'Yan sintirin gari biyu suke tsayawa da jan tuta safe da lokacin tashi, su tara yaran su tsallakar da su rukuni-rukuni. Ladansu daga iyaye yake fitowa, ɗan abin da ya samu. Mun je tashoshin mota mun yi magana da shugabannin direbobi, mun yi da 'yan acaɓa, wasu suna rage gudu in sun ga tuta, baƙin direbobi masu dogon zango kuwa sai addu'a. Bayan takardu da yawa an zo an kafa allunan gargaɗi biyu an yi zanen tsallakawa, amma yashi da zafin rana sun cinye fentin kafin shekara ta zagayo. Na ga rijistar Alhamis ta farfaɗo, yawancin 'yan matan sun dawo. Akwai uku da ba su dawo ba, an riga an ɗora musu talla, kuma Hajiya ba ta daina zuwa gidajensu ba.

Yarinyar da motar ta buge ta rasa zango biyu, ta maimaita aji huɗu. Tana ɗan ɗingishi in ta gaji. Ita ce yanzu wakiliyar ɗalibai mata a kwamiti, kuma ita ke riƙe 'yan aji ɗaya na unguwarsu a layi har mai tuta ya ɗaga hannu. Takardarmu ta neman tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da alama, tana wajen masu titi, an ce injiniya zai zo ya auna. Na sake buga wata da sa hannun Dagaci da na Hakimi, na manna hoton zanen da ya goge, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ta da kaina.